Tambaya da Amsa: Gasa karfatar rago da hayaƙi a murhu mai murfi har ta yagu da hannu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yi maka fatan alheri tare da godiya bisa amsoshin da kake ba mu a wannan fili. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma shekara huɗu ke nan ina zaune da iyalina a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka. Maƙwabcina, wanda ɗan asalin jihar ne kuma mutumin kirki, yana da wani murhun gawayi mai ƙafa uku da murfi, zagayayye kamar an kife ƙwarya a kan ƙwarya. Kusan kowace Asabar yakan kunna shi tun da asuba, ya sa kafaɗar alade a ciki ya rufe, ba zai sauke ba sai wajen magariba, sannan ya yayyaga naman da cokula biyu masu yatsu ba tare da ya taɓa wuƙa ba. Suna kiran wannan abinci pulled pork. Ni Musulmi ne, ba na cin wannan nama, shi ma ya san da haka kuma yana mutunta ni a kai, amma aikin ya burge ni, har na sayi irin murhun nasa sabo na gwada da karfatar rago da na sayo a wajen mahautan halal. A karo na farko bayan naman ya ƙone alhali cikinsa da tauri. A karo na biyu ma'aunin zafin da na soka a ciki ya tsaya a digiri 70 har fiye da awa ɗaya, na ɗauka wutar ce ta mutu, na ƙara gawayi da yawa, naman ya fito a bushe. Shin wannan gashi sai da naman alade yake yiwuwa, ko kuwa ni ne ban iya ba? Daga ɗan'uwanku a Karolina ta Arewa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya taimaka a kan aikin da kake yi. Wannan gashi ba sai da naman alade ba, domin abin da yake sa naman maƙwabcinka ya yagu ba irin dabbar ba ne, sashen jikin da ya zaɓa ne da kuma yadda yake bi da wuta. Karfata tsoka ce mai aiki, da ita dabba take tafiya tun daga haihuwa har ranar yanka, shi ya sa take cike da jijiya da tantani. Masana suna kiran sinadarin da ke cikin wannan jijiya kolajin, kuma idan ya daɗe a cikin zafi da danshi yakan narke ya zama wani abu mai danƙo da santsi. Duk wanda ya taɓa barin farfesun ƙafar saniya ya kwana, ya tashi da safe ya tarar romon ya daskare yana rawa a cikin kwano, ya ga wannan sinadari da idonsa. Shi ne yake riƙe da zaren tsokar, idan ya narke kuwa zaren ya rabu da kansa, naman kuma ya yi laushi da maiƙo ko da ruwansa ya ragu. Narkewar tasa tana kankama ne daga wajen digiri 70 na ma'aunin Salsiyas, kuma ba ta yiwuwa da gaggawa. Saboda haka karfatar rago, da ta akuya, da kafaɗar sa, duk suna karɓar wannan aiki, cinya kuwa ba ta karɓa sosai, don jijiyarta da kitsenta kaɗan ne, kafin ta yi laushi ta riga ta bushe.

Amurkawa da kansu sun tabbatar da haka. Gaskiya ne jihar da kake zaune gidan naman alade ce a wannan fanni: a gabashinta dabbar ake gasawa sukutum a zuba mata ruwan khal, wato ruwan tsamin da ake kira binega, da barkono, a yankin garin Lexington kuma kafaɗar kaɗai ake gasawa a ƙara ɗan tumatir a mahaɗin, maƙwabtansu na Karolina ta Kudu har da masu amfani da mastad, wani rawayen kwaɓi mai tsami da ɗan yaji. Amma idan ka nufi yamma zuwa garin Owensboro na jihar Kentaki, za ka tarar naman manyan tumaki ne abin alfaharinsu, suna gasa shi sa'o'i masu yawa a hayaƙin icen hikori, suna shafa masa wani baƙin romo mai tsami. Mutanen Teksas kuwa da naman sa aka san su. Wato hanyar da kake son bi akwai waɗanda suka daɗe a kanta, ba ƙirƙira za ka yi ba.

Sai dai akwai bambanci biyu da ya kamata ka riƙe. Abin da mahautan halal na can suka fi sayarwa ɗan rago ne da bai cika shekara ba, karfatarsa da ƙashi ba ta cika wuce kilo 2 zuwa 2 da rabi ba, alhali guntun da maƙwabcinka yake sakawa yakan kai kilo 3 da rabi ko 4. Idan ka kwaikwayi yawan sa'o'insa, naka zai wuce misali. Na biyu, kitsen rago ya fi tauri, yana saurin daskarewa a baki da zarar ya huce, don haka ka feƙe kitsen da ke bayan karfatar ka bar ɗan siriri kawai, ka kuma ci naman da ɗuminsa. Ka nemi karfata guda da ƙashinta, kada mahauci ya sassara maka ita. Idan naman sa kake so, ka ce a ba ka sashen da suke kira chuck, wanda shi ne saman kafaɗa zuwa gindin wuya.

Yanzu ga murhun. Wani Ba'amurke mai suna George Stephen, ma'aikaci a masana'antar ƙarfe ta Weber Brothers da ke Shikago, shi ne ya ƙirƙiro shi a 1952, lokacin da ya raba wani ƙwallon ƙarfe na alamar hanyar jiragen ruwa gida biyu, ya mai da rabi kasko rabi murfi. Wanda aka fi saye faɗinsa santimita 57 ne. Yana da ƙofar iska a ƙasa da wata a jikin murfin, kuma duk sirrin aikin yana wajen waɗannan ƙofofi biyu, domin a murhu mai murfi ba yawan gawayi ne yake tsayar da zafi ba, yawan iskar da take shiga ce. Ina kyautata zaton abin da ya faru a gwajinka na farko shi ne ka hura gawayin gaba ɗaya ka ɗora naman a samansa, kamar yadda mai tsire yake yi a tukubarsa. Hakan daidai ne ga tsire, don an yanka shi fale-fale, zafi yana ratsa shi cikin 'yan mintoci. Curin nama mai kaurin karfata kuwa, kafin zafi ya isa tsakiyarsa bayansa ya zama gawayi. A wannan aiki naman ba ya ganin garwashi ko kaɗan, iska mai zafi da hayaƙi ne suke kewaya shi a ƙarƙashin murfi har ya nuna.

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce wadda suke kira jerin maciji. Za ka sayi dunƙulallen gawayi, wato garin gawayi da aka matse a masana'anta ya fito girma ɗaya, irin na kamfanin Kingsford da makamantansa, amma ka guji wanda aka jiƙa da man kunna wuta tun a buhu. Sai ka jera shi a jikin bangon kaskon daga ciki, biyu-biyu gefe da gefe, kowanne a jingine da na gabansa, ka ɗora wani jeri biyu a samansu, ka bi da'irar har ka cinye kamar kashi biyu cikin uku nata. Lallai ne ka bar fili tsakanin kan jerin da wutsiyarsa, in ba haka ba wutar za ta tsallaka ta kama ta ɓangare biyu, zafi ya ninka. Daga nan ka hura guda goma a waje ɗaya ba tare da kananzir ko wani mai ba, idan suka yi ja toka ta rufe su sai ka zuba su a kan jerin ta gefe guda. Wutar za ta riƙa tafiya a hankali daga wannan curi zuwa wancan, ta yadda a kowane lokaci kaɗan ne suke ci, kuma jeri ɗaya mai kyau yakan yi sa'o'i takwas zuwa goma ba a ƙara masa komai ba. A tsakiyar da'irar ka ajiye kwanon ƙarfe da ruwan zafi a ciki, shi zai tare kitsen da yake ɗiga, ya kuma hana zafin yin tsalle. Naman zai zauna a kan raga daidai saman kwanon.

Zafin da kake nema a cikin murhun digiri 110 ne zuwa 135, wanda a ma'aunin Farenhait da ake amfani da shi a can ya kama daga 230 zuwa 275. Kada ka dogara da agogon zafin da ke jikin murfi, don yana auna iskar da ke can sama ne, wani lokaci ma daidai kan garwashi. Ka sa ma'auni a kan ragar kusa da naman. Ƙofar murfin ka juya ta ta koma ɓangaren da ba shi da wuta, domin hayaƙin ya ratsa ta kan naman kafin ya fita, kuma yayin da wutar take zagayawa kai ma ka riƙa juya murfin da ragar kana guje mata. Ita ƙofar sama ka bar ta a buɗe aƙalla rabi, ka riƙa gyara zafin da ta ƙasa. Abin da nake so ka kula da shi sosai a nan shi ne murhu ba ya amsa gyara nan take. Idan ka rage ƙofar, ka jira minti goma sha biyar kafin ka sake taɓa ta, domin mafi yawan masu farawa sukan rufe su buɗe, su rufe su buɗe, zafin ya yi ta hawa da sauka saboda hannunsu. Haka nan ɗaga murfi don leƙe yana ba garwashin iska ya ƙara ruruwa, ya kuma kori ɗumin da aka tara. A sa'o'i uku na farko babu abin da zai sa ka ɗaga shi.

Hayaƙin yana fitowa ne daga guntayen ice busasshe, uku ko huɗu masu girman dunƙulen hannu, da za ka ɗora a kan rabin farko na jerin da ɗan tazara a tsakaninsu. Icen hikori da na bishiyar ok su ne suka fi dacewa da rago, icen tuffa da na ceri sun fi sanyin ƙamshi, meskit kuma yana da ƙarfi ƙwarai, kaɗan ya isa. Ba sai ka jiƙa icen da ruwa ba. Ka lura da launin abin da yake fita ta ƙofar murfi: hayaƙi mai kyau siriri ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, da ƙyar ake ganinsa, fari mai kauri kuwa alama ce ta wuta ba ta samun iska, kuma shi ne yake sa nama ɗaci da ƙauri. Saboda haka kada ka ɗora naman sai turnuƙun farko ya wuce.

Batun kayan yaji ba shi da wahala. Ka barbaɗa gishiri tun daren jiya, kimanin giram 10 ga kowane kilo, ka sa a firiji a buɗe, gishirin zai shiga cikin tsokar ya taimaka mata riƙe ruwa. Da safe ka shafa masoro da tafarnuwa da citta da garin tattasai da ɗan barkono. Yajin tsire mai ƙuli ni dai na fi son a ajiye shi sai an yaga naman a barbaɗa, don man gyaɗar yana hana bayan naman yin ɓawo mai kyau, ga shi kuma yawancinsa da gishiri da magi a ciki, idan aka haɗa da na daren jiya sai ya yi yawa.

Gwajinka na biyu shi ne ya fi taɓa ni, domin ka kusa cin nasara ka juya baya. Tsayawar da ma'aunin ya yi a digiri 70 ba mutuwar wuta ba ce, abu ne da yake samun kowane babban nama da ake gasawa a zafi kaɗan, galibi tsakanin digiri 65 da 77. Dalilinsa kuwa shi ne dalilin da ya sa ruwan randa yake sanyi a tsakiyar bazara. Randar ƙasa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar da shi, busarwar ta tafi da zafi. Nama ma da ya kai wannan mataki tsokarsa tana matsewa tana fitar da ruwa zuwa bayansa, ruwan yana tashi, yana kwashe zafi daidai gwargwadon wanda murhun yake zubawa, sai ma'aunin ya tsaya cik, wani lokaci ma ya ɗan koma baya. A babban nama hakan yakan ɗauki sa'o'i uku ko fiye. Amma a cikin wannan tsayuwa aiki bai tsaya ba: jijiyar tana ci gaba da narkewa, kitsen yana tsiyaya, bayan naman kuma yana bushewa ya zama baƙin ɓawon nan mai ɗanɗano da masu wannan gashi suke ji da shi. A nan ne maganar magabata ta mai haƙuri yakan dafa dutse take zama zahiri. Da ka ƙara gawayi da yawa, ka ƙone wajen ne kafin cikin ya gama aikinsa.

Hanya biyu ce a gabanka idan ka sake isa nan. Ko dai ka ƙyale shi har ruwan bayansa ya ƙare ma'aunin ya ci gaba da hawa da kansa, ko kuma ka naɗe shi tam a takardar alminiyam ninki biyu tare da ɗan romo ko ruwa kamar rabin kofin shayi, ka mayar cikin murhun. Naɗewar tana hana ruwan tashi, don haka tsayuwar takan ƙare da wuri, sai dai ɓawon zai ɗan yi laushi. Ga karfatar ɗan rago shawarata ita ce ka naɗe, domin ƙarama ce, ba ta da ruwan da za ta yi asara kamar ta maƙwabcinka. Amma kada ka naɗe da wuri: ka kankari bayan naman da farce, idan yajin ya kama bai biyo yatsanka ba, kuma launin ya yi duhu kamar cikakken dabino, lokaci ya yi.

Sai sanin lokacin saukewa, wanda a nan ne ni kaina na yi kuskure a farkon koyona. Na sauke karfata a digiri 78 saboda baƙi sun zauna suna jira, ta nuna sarai amma ta ƙi yaguwa, sai da wuƙa muka ci, kuma tun daga ranar nake fara aikin da awa biyu kafin lokacin da lissafi ya ba ni. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce curin naman rago ko na sa ya kuɓuta daga ƙwayoyin cuta idan cikinsa ya kai digiri 63 aka bar shi ya huta minti uku, amma wannan ma'aunin lafiya ne, ba na yaguwa ba. Yaguwa sai ya kai tsakanin 90 da 96. Ko a nan ma adadin jagora ne kawai, hukuncin yana hannunka: ka soka ma'aunin a wurare uku ko huɗu, idan yana shiga kamar a cikin man shanu ba tare da turjiya ba, kuma allon kafaɗar yana motsi idan ka murɗa shi har ya zare fes, ya yi. Idan wuri ɗaya yana turjewa, ka ƙara masa rabin awa. Karfata mai kilo 2 zuwa 2 da rabi takan ci sa'o'i shida zuwa takwas, amma sanyin gari da iska da tsufan dabbar duk suna canza wannan lissafi.

Da ka sauke kada ka yaga nan take. Ka bar shi a naɗe, ka ƙara lulluɓe shi da tawul, ka sa a cikin kula ba ƙanƙara na awa ɗaya aƙalla. Zai iya zama a haka sa'o'i uku da zafinsa, muddin bai sauka ƙasa da digiri 60 ba. Wajen yaga kuma kada ka bi shi kamar dambun nama, wanda ake dafawa a daka a soya har ya bushe. Wannan danshinsa ake so, don haka ka bar shi sala-sala masu kaurin yatsa, ka tsince curin kitse da guringuntsi, ka cakuɗa baƙin ɓawon da farin cikin don kowace loma ta samu. Romon da ya taru a takardar ka kwashe man da ke samansa ka mayar da sauran cikin naman. Abu mai tsami shi ne yake karya maiƙon rago, shi ya sa ruwan khal da barkono da ɗan gishiri da sukari irin na gabashin jiharku yake dacewa da shi ƙwarai, ruwan tsamiya mai kauri ma yana yin wannan aiki. Su a cikin burodi suke ci da yankakken kabeji, kai kuma idan uwargida tana yin gurasa, ka gwada da ita.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga irin wannan gashi a intanet, kuma ina so in yi wa maigida da yara da karfatar ragon layya idan Allah ya kai mu. Mai walda ya ce zai ƙera mini murhu mai murfi da rabin duro. Amma a nan gawayin ice na kasuwa kawai muke da shi, kuma ba ni da ma'aunin zafi. Zai yiwu? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Zai yiwu, Hajiya, sai dai zai buƙaci ki fi kusa da murhun. Ki fara da duron: kada ki yarda da wanda aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki, haka nan ƙarfe mai rufin farin kwano bai dace da wuta ba. Ki nemi wanda ya ɗauko kayan abinci, a ƙone shi da wuta mai ƙarfi a wanke kafin a fara aiki da shi. Ki sa mai waldar ya yi ƙofar iska a ƙasa ta gefen da wuta za ta zauna, wata kuma a murfi ta ɗaya gefen, kowacce da marufin da za a iya zamewa, murfin kuma ya zauna daram ba tare da giɓi ba.

Gawayin ice ya fi dunƙulalle zafi da saurin cinyewa, kuma da yake girmansa ba ɗaya ba ne jerin maciji yakan yanke a hanya. Abin da ya fi miki shi ne ki farfasa shi ya koma kamar girman ƙwai, ki tara shi a gefe ɗaya ki tokare da bulo biyu na jar ƙasa, sannan ki zuba garwashi cikin ludayi ɗaya ko biyu a kusurwa guda ta samansa, wutar ta riƙa cin sauran a hankali. Gawayi mai nauyi irin na kirya, wanda maƙera suke nema, ya fi daɗewa. Ki duba duk bayan awa ɗaya, idan ya ragu ki ƙara kaɗan a gefen garwashin, ba a kansa ba. Don hayaƙi, busasshen icen mangwaro ko gwaiba ko lemo ya isa, ki nisanci katakon gini da duk abin da aka yi wa fenti, da kuma itace mai farin ruwa irin tumfafiya. A madadin ma'auni, ki ɗaga murfi ki riƙe tafin hannunki a saman ragar ta inda naman zai zauna: idan kina iya jurewa daƙiƙa takwas zuwa goma zafin ya yi daidai, idan kuwa kin janye kafin biyar ki rage ƙofar ƙasa. Nunar naman kuma tsinken tsire zai gaya miki, haɗe da motsin allon kafaɗa kamar yadda na bayyana wa mai tambaya ta farko.

Abu biyu nake roƙon ki kiyaye. Naman da aka yanka yau yakan sandare bayan 'yan sa'o'i, sai ya kwana ɗaya ko biyu a sanyi kafin ya saki, saboda haka idan kina da firiji mai aiki ki bar karfatar zuwa kashegarin sallah ko rana ta uku. Idan babu tabbacin wuta kuwa gara ki gasa a ranar, ki ƙara mata lokaci, da ki bar ta a zafi ta lalace. Na biyu, kada murhun ya shiga ɗaki ko rufaffen kicin ko da ruwan sama ya sauko, domin garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kashe mutum cikin barci. A tsakar gida za a yi, nesa da inda yara suke wasa.

Tambaya: Malam, na ci naman sa da aka gasa da hayaƙi a wani gidan abinci na halal, sai na ga wani jan zobe a ƙarƙashin ɓawon, alhali tsakiyar ta nuna. Ɗanye ne? Kuma na taho da ragowar gida, kwana nawa zai yi? Daga wani ɗalibi a Ingila.

Amsa: Ba ɗanye ba ne, ɗana. Da ɗanye ne, a tsakiya za ka ga jan, don can ne zafi yake isa a ƙarshe. Lokacin da ice da gawayi suke ci suna fitar da iskar naitirik oksaid, ita kuma takan shiga bayan naman tun yana da sanyi ta haɗu da sinadarin mayogulobin mai ba tsoka launin ja, ta kafe launin yadda zafi ba zai mai da shi ruwan toka ba. Iskar ba ta nisa, shi ya sa zoben bai cika wuce 'yan milimita ba, kuma ado ne kawai, ba ya ƙara ɗanɗano. Ragowar kuwa, idan ka sa ta a firiji kafin ta yi awa biyu a waje, za ta yi kwana uku zuwa huɗu. Wajen ɗumamawa ka zuba ɗan ruwa ko romo a tukunya ka rufe, ka bar ta a wuta kaɗan har tururi ya ratsa ko'ina, wato digiri 74 idan kana da ma'auni, kuma ka ɗebi iya wanda za ka ci a lokacin ka bar sauran a sanyi.